Kallon tseren Formula 1 a Jidda: ya ci kuɗinsa, in ka dace da wurin zama

Abokaina na babbar kasuwar Maradi sun dame ni da tambaya ko kallon tseren motoci ya ci kuɗin tikitinsa. Ya ci, amma da sharaɗi. Ni dai mutumin kokowa ne, harkar mota ba ta dame ni ba. Umra ta kai ni Saudiyya daf da azumin 2024, sai ɗan ƙanwata da ke aiki a Jidda ya ce, "Kawu, na riga na biya, ba ka da ta cewa." Ranar Asabar ce, 9 ga Maris. Galibi Lahadi ake yinsa, amma aka matso da shi saboda azumi.

Hanyar tseren a bakin Bahar Maliya take, tsawonta kilomita shida da ƴan kai, lanƙwasa 27, kuma sau 50 ake zagaya ta. Jimla kilomita 308 ke nan, ya zarce tafiyar Maradi zuwa Damagaram, amma direban da ya yi nasara, Max Verstappen, ya cinye ta cikin awa ɗaya da minti ashirin. Da ƙarfe takwas na dare aka tashi, fitilu sun haske wurin fes.

Abin da talabijin ba ya iya kawo maka shi ne ƙara. Da jajayen fitilu biyar suka mutu, alamar a tashi, motoci ashirin suka zabura lokaci guda, sai na ji kujerata tana rawa, ƙarar tana dukan ƙirjina. Wani ƙauri na roba ya biyo iska. Ban san sanda na miƙe tsaye ba.

Sai dai tseren kansa ba ka ganinsa da ido. Mota ta wuce fuu, kafin ka gane launinta ta ɓace, sai ka koma kan babban allo ka ga wa ke gaba. Wanda ya zauna inda ba allo ya yi asara.

Mu mun dace, muna fuskantar inda ake sauya taya, kuma nan ne na ga abin da ya biya ni. Tun da wuri wani direba, Lance Stroll, ya daki bango, aka fito da motar da ke shiga gaba ta rage musu gudu, sai yawancin direbobi suka kwararo sauya taya. Mutum wajen ashirin sun durƙusa suna jira, kowa da aikinsa guda: wannan ya ɗaga gaba, wancan baya, mutum uku a kan kowace taya, mai kwancewa, mai cirewa, mai sawa. Daƙiƙa biyu zuwa uku, mota ta tafi. Babu mai magana, babu mai waiwayen wani. Na yi ta tunanin irin horon da ya kai mutane haka har na manta da masu gudun.

Verstappen ya yi gaba abinsa, ba wanda ya matsa masa, wannan ɓangaren bai yi armashi ba. Wanda ya ɗauki hankalina shi ne Oliver Bearman, yaro ɗan shekara 18 daga Ingila, da ƙungiyar Ferrari ta sa a madadin direbanta Carlos Sainz da aka yi wa aikin ciki. Tserensa na farko ke nan a Formula 1, kuma ya ƙare na bakwai, gaban tsohon zakaran duniya Lewis Hamilton.

Abinci da ruwa a ciki tsada, ka ci ka ƙoshi kafin ka shiga. Akwai tafiyar ƙasa mai nisa daga inda mota ke sauke mutane, dattijo mai ciwon gwiwa zai sha wuya. A sayi abin toshe kunne, musamman in da yara. Tikitin kuwa, in kuɗinka bai kai na kujerar da ke kallon wurin sauya taya ba, ka bari sai wata shekarar.