Lesin hutun bazara da na kai ɗiyata a Mabera

Wallahi na ji daɗin wurin nan da na kai ɗiyata 'yar aji 2, ni na ɗauka karatu kawai za a yi ta ɗura musu ashe ba haka ba. Malamar ta sa kowane yaro ya shuka wake cikin gwangwanin madara, kullum muna isa yarinyar nan sai ta ruga ta duba nata, ranar da ya fiddo ganye biyu har kakarta sai da aka kira a waya. Sun gina raƙumi da yumɓu, lissafi kuma da ƙwallon dabino. Matsalata ɗaya zafi, Sakkwato cikin Afrilu ga fanka ɗaya tal a ɗaki, don Allah malama a riƙa tashinsu ƙarfe 11.