Wace manhajar kokawar Japan zaka biya wa kuɗi in wasannin kambu kake so?

Toh jama'a, ga duk wanda ya gaji da surutun resilin ɗin Amurka yana son ya koma na Japan, matsalar farko da zai ci karo da ita itace babu wuri ɗaya da ya haɗa komai, kowane kamfani da manhajarsa da kuɗinsa na wata, kuma da yen ake biya. In ba kuɗi ne suka maka yawa ba guda ɗaya zaka ɗauka. Ni ma'aunina wasan kambu ne, don a Japan nan ne ake fitar da duk abin da aka ɓoye, galibi minti 60 ake ware masa, sannan a yawancin kamfanoni in mutum ya faɗa wajen dandamali har 20 alkali ke ƙirgawa, ba 10 ba.

NJPW World dai ita ce babbar yaya. Kamfanin New Japan ne, wanda Antonio Inoki ya kafa a 1972, manhajar kuma an buɗe ta a ƙarshen 2014. Shekara da shekaru yen 999 ake biya, sai a ƙarshen 2023 suka ɗaga zuwa 1,298, amma dai ka duba farashin ranar da zaka biya. Abin da kake saya a nan rumbun tsofaffin wasanni ne da kuma sharhi da Turanci a manyan wasanni, wanda ba ƙaramin taimako bane ga sabon shiga. Kambunsu IWGP ne. In kana son gane me yasa mutane ke haukacewa a kansa, nemi Okada da Kenny Omega na 4 ga Janairu 2017 a Tokyo Dome, minti 46 da 'yan kai. Minti 15 na farko kamar ba abin da ke faruwa, riƙe hannu, matse wuya, har zaka fara tunanin ko kuɗinka ya tafi a banza, ashe tubali suke jerawa, duk gaɓar da aka daka a farko sai ta dawo tayi magana a ƙarshe. Duk wasan Omega na neman ya ɗora Okada a kafaɗa ya buga masa One-Winged Angel, wato kayensa na gama wasa, ya ɗaga shi sau da yawa amma ko sau ɗaya bai samu ya buga ba, kuma wannan rashin bugawar shine labarin gaba ɗaya. Sun sake haɗuwa a watan Yuni suka cinye minti 60 canjaras, sai a Yunin 2018 a Osaka Omega ya ƙwace kambun bayan Okada ya riƙe shi kwana 720 ya kare shi sau 12.

Aibinsa kuwa, a faɗi gaskiya, taurarin wancan lokacin sun watse, Okada da Will Ospreay duk suna kamfanin AEW na Amurka tun 2024, kuma akwai wata ƙungiya House of Torture da in suka shigo wasa sai shisshigi da buge alkali, abin da ka gudo wa kenan tun farko. Sannan in kai mai gajen haƙuri ne, salon nan na jan minti 35 kafin wuta ta kama zai iya gundurarka.

Wrestle Universe kuma kuɗi ɗaya ne kamfani da yawa, NOAH da DDT da Tokyo Joshi Pro duk suna ciki. NOAH ne abin dubawa in kambu kake bi, GHC sunansa, Mitsuharu Misawa ne ya kafa kamfanin a 2000 kuma shi ya fara ɗaukar kambun a 2001. Duka a NOAH ba sauƙi, marin ƙirji da shuri har sai ka ga fatar mutum tayi jawur. Suna kuma da ƙarfin halin yin abin da ba wanda zai yi, a Maris 2020 lokacin korona, zaure ba kowa, Go Shiozaki da Kazuyuki Fujita suka tsaya suna kallon juna kusan minti 30 ba wanda ya taɓa wani, a wasan kambu fa! Wasu sun ce fasaha ce, ni dai da datata nake kallo, sai na tura gaba. DDT kuwa barkwanci yayi yawa, har 'yar tsana suna kokawa da ita, amma babban kambunsu KO-D da gaske ake yinsa.

Inda mutane suka fi yin asara shine AJPW TV, manhajar kamfanin All Japan. Mutum zai ji labarin Triple Crown, kambu uku da Jumbo Tsuruta ya haɗe a 1989, ya ji labarin Misawa da Kawada na 3 ga Yuni 1994 a Budokan, sai ya ruga ya biya yana zaton zai samu zamanin Misawa, Kawada, Kobashi da Taue. Hotunan wancan zamanin gidan talabijin na Nippon TV ne ke da su, ba kamfanin All Japan na yanzu ba. Haka ma NOAH na farko-farko, irin Misawa da Kobashi na 1 ga Maris 2003, kar ka ɗauka biyan Wrestle Universe zai baka su. Abin da AJPW TV ke da shi All Japan na yau ne, su Kento Miyahara, wasa mai tsafta, manyan ƙarti, ba yawan shisshigi. Yana da kyau, amma ba shi ne na farkon saye ba.

Stardom World na mata ne zalla, jan kambu shine babba, fari na bi masa. Saurin wasansu ya fi na maza nesa ba kusa ba, Utami Hayashishita da Syuri a Yunin 2021 sun cinye minti 30, aka ƙara musu lokaci, ƙarshe duk su biyun suka kasa tashi. Matsalar kawai manyan wasanninsu sau da yawa kuɗi daban ake biya in kai tsaye kake so, sai bayan kwanaki su shigo manhajar. Kuma ba kowa ne zai so kallon kokawar mata a falo da iyali ba, wannan kai ka san gidanka.

Kafin ka saka kati, Japan na gaban Najeriya da Nijar da awa 8, wasan da suka fara shida na yamma mu goma na safe ne, lokacin aiki, don haka yawanci maimaici zaka kalla, ka guji Facebook kafin nan kar a ɓata maka sakamako. Ka tabbata katinka na biyan kuɗin waje. Wasu manhajojin Japan daga 1 ga wata suke lissafi, in ka shiga ran 28 ka biya wata guda don kwana uku, a karanta sharuɗɗa. Babban taro yana kai awa huɗu zuwa biyar, in ba wayfay gareka ba tsallake wasannin taron dangi na farko ka tafi biyun ƙarshe.

Da ni ne mai kuɗin wata ɗaya tak, NJPW World zan biya a Janairu, in kalli Wrestle Kingdom, babban taronsu na shekara, kai tsaye ran 4 ga wata, sauran kwanakin in bi zamanin Okada da Tanahashi daga 2012 a jere, sai in soke kafin wata ya mutu. In G1 Climax, babbar gasarsu ta shekara-shekara, ya zo tsakanin Yuli da Agusta a sake biya.