Finafinan kifin shak: wanne za ka sa a katin wayarka?

Duk mai zuwa wajen masu tura finafinai a Kasuwar Dole ya san kati ba ya cin komai da komai, dole a zaɓa. In labarin kifin shak kake nema, kaya iri biyu za a nuna maka: fim ɗin ban tsoro, ko shirin binciken halittun teku.

Samarin fada sun fi tambayar finafinan ban tsoro. A cikinsu ni Jaws zan ɗauka, wanda Steven Spielberg ya fitar a 1975. Ya tsufa, amma gwaninta ce: kifin ba ya bayyana sosai sai can gaba, kiɗa da motsin ruwa kaɗai ke sa gabanka faɗuwa. The Meg na 2018 ya fi shi kyan hoto, sai dai megalodon, ƙaton shak ɗin da ke ciki, ya ƙare a duniya shekaru miliyoyi da suka wuce. Dukansu akwai jini, ba na ƙananan yara ba ne.

In kuwa kallon gida ne, fara da shirin bincike, kamar Blue Planet II na BBC, 2017. Mu da ba mu da teku, tarwaɗa da karfasa muka sani, abin da muka gani a allo shi ke zama iliminmu, shi ya sa nake son yaro ya fara da gaskiya. Shak ya haura iri 500. Ba shi da ƙashi, guringuntsi ne. Haƙoransa jeri-jeri suke, wani na faɗuwa na baya ya maye gurbinsa. A hancinsa akwai ƙananan ramuka da ke jin wutar lantarkin jikin kifin da ya ɓuya cikin yashi. Shak mafi girma yana iya wuce mita 10, kuma ƙananan halittu yake tacewa daga ruwa. Mutanen da shak ke kashewa a duniya a shekara ba sa wuce goma da yawa, alhali masunta na kashe miliyoyinsa.

Kafin ka biya, ka ce a buɗe maka fim ɗin, a tsallaka zuwa wurin da aka nutse ƙarƙashin ruwa. Kwafi maras kyau a nan yake tonuwa, sai baƙi ƙirin. Ka kuma saurari murya: shirin bincike bayani ne, in ba ka jin Ingilishi nemi mai fassarar Faransanci, ko da ya fi cin wuri a katin.