Sigarin lantarki ko cingam ɗin nikotin?

Mai son barin taba a Maradi yana jin shawara biyu a fada: sigarin lantarki, ko cingam da filastar nikotin da ake liƙawa a fata.

Na lantarki ba ya ƙona ganye, don haka babu kwaltar da ke baƙanta huhu. A wani gwaji a Ingila da aka wallafa a 2019, kashi 18 cikin ɗari na masu zuƙarsa sun bar taba shekara guda, masu cingam da filasta kusan kashi 10. Sai dai galibin waɗanda suka bar taba da na lantarkin, na'urar ta ci gaba da zama a aljihunsu. Ga ruwan da ake ɗurawa, wata kwalbar ko rubutun kirki babu.

Cingam ba ya burge kowa, amma an daɗe da sanin lafiyarsa. Da shi zan ce a fara.