Gadar bakan ƙarfe ko ta kankare?

Ɗaliban injiniya a Jos sun sha yin wannan tambaya: me ya sa gadojin samanmu na kankare ne, ba a yi mai bakan ƙarfe irin ta Sidni ba?

Faɗin wurin da gadar za ta haye ne ke yanke hukunci. Gadar Sidni ta Ostiraliya, da aka buɗe a 1932, bakanta ya haye mita 503 babu ginshiƙi cikin ruwa. Rabi-rabi aka gino shi daga gaɓa biyu, igiyoyin ƙarfe na riƙe da kowanne ta baya, har suka haɗe a 1930. Irin wannan baka gefe yake tura nauyi, don haka dole ƙafarsa ta dafa dutse. A ƙasa mai laushi sai tushen ya zame. Nan duwatsun Filato sun dace. Sai dai akwai tsada, ga tsatsa: fenti ba ya ƙarewa, musamman a kan ƙusoshi.

Kankare kuwa siminti, tsakuwa da rodi duk suna kusa, ana jera bim, wato dogayen sandunan kankare, na mita 20 zuwa 40 bisa ginshiƙai. Cutarsa ruwan da ke kurɗawa ta mahaɗar bim ya ci rodi, kankaren ya ɓantare.

Mararrabar titi ko ƙaramin rafi, kankare ya wadatar. Kwari mai zurfi ko hanyar jiragen ruwa, aikin baka ne.