Yaya, ga labarin shagon 'yan Chana na unguwarmu

Salam Yaya, da fatan kun tashi lafiya, ya jikin Hajiya, ya zafin Kano. Tun ranar da muka yi waya ka ce wai me muke ci in ba a ɗora tukunya a gida ba nake so in rubuto maka, aiki ne ya sha kaina. Yau ina hutu, bari in zauna in zayyana maka.

Ka dai san inda muke, Lanham, jihar Meriland, ba cikin Washinton ba, gefen gari ne, ka ɗauka kamar mai shago a Kwari da yake kwana a Rijiyar Zaki. Sai dai nan unguwa gidaje ne zalla da ciyawa da bishiyoyi, ba mai shayi a kan kwana, ba mai tsire, ba ko yarinya mai tallan gyaɗa, in yunwa ta kama ka ƙarfe goman dare to sai ka ta da mota. Shaguna duk an tattare su wuri guda a bakin babban titi, jeri ɗaya dogo da filin ajiye motoci a gaba, kuma duk unguwar da ka je kusan tsarin ɗaya ne, wurin wanki da inji, masu gyaran farce, shagon giya, mai aski, sai can ƙarshe ɗan shagon 'yan Chana da jar fitila a taga.

Abin da ya fara ɗaure min kai kenan. A Kano wa yake zuwa cin abincin 'yan Chana? Sai manya, mutum ya sa shadda ya fesa turare ya tafi can Nassarawa, ya dawo sati guda yana ba da labari. To nan shi ne bukka. Wallahi shi ne bukka. Leburori da takalman aiki duk siminti, direbobin bas, nas-nas da suka tashi daga aikin dare, su ne a layi. Tebur bai fi biyu ko uku ba kuma ba mai zama, kowa oda yake yi a ƙulle masa a leda ya wuce. A wasu wuraren tsakaninka da mai karɓar kuɗi akwai gilashi mai kauri wanda harsashi ba ya fasawa, da wani ɗan akwati mai juyawa, ka saka kuɗi ta juya, ta saka abinci ta juyo maka. Ranar farko sai da gabana ya faɗi, na ce banki na shigo ko gidan abinci.

Na san su sosai saboda shekarata ta farko na yi aikin kai wa mutane abinci gida da DoorDash, na sha tsayuwa a irin shagunan nan ina jiran oda. Iyali ɗaya ne suke riƙe da wurin, maigidan yana ciki gaban wuta da ƙaton kasko mai zurfi, wuta tana huci kamar ta maƙeri, matar tana kan waya tana karɓar oda da Turancin da bai fi nawa ba, yaronsu na gefe kan buhun shinkafa yana aikin makaranta, in waya ta yi yawa shi ma ya ɗauka. Da yawansu 'yan lardin Fujiyan ne, wani ya jawo wani, kamar yadda 'yan garinmu suke cika layi guda a kasuwa. Ba sa rufewa. Ranar Kirsimeti gari ya mutu murus, ko'ina a kulle, su kaɗai za ka ga fitilarsu. Kuma 'yan Chana sun daɗe a ƙasar nan fa, tun zamanin haƙar zinariya a Kalifoniya, su suka yi yawancin aikin ɓangaren yamma na layin dogon da ya haɗa gabas da yammacin ƙasar, wanda aka gama a 1869, bayan nan a 1882 aka yi doka aka hana leburorin Chana shigowa, ba a soke ta ba sai 1943. Wanki da dafa abinci na cikin 'yan sana'o'in da aka bar musu, suka riƙe da hannu bibbiyu.

Abincin kuwa, minti goma an gama. Duk abin da ka tambaya amsar kenan, minti goma. Da rana akwai rangwame, wajen dala goma ko sha ɗaya a cika maka mazubi da soyayyiyar shinkafa da nama har murfi ya ƙi rufuwa, ni da maman yara mukan ci guda mu rage. Dan Allah kar ka buga lissafin da naira, kanka zai yi ciwo, nan kuɗin awa ɗaya ne na ƙaramin ma'aikaci ko ma bai kai ba. Amma fa komai da sukari. Kaza da sukari, miya da sukari, har kabeji. Mu da muka saba zaƙi na koko ne da kunu, sai ga shi a kan nama, sai da na yi wata biyu kafin harshena ya yarda. In suka zana ɗan jan barkono a gefen sunan abinci wai gargaɗi ne yana da yaji, Yaya, ko auta ba ta neman ruwa.

Wanda aka fi saye sunansa kazar Janar Tso, tsokar cinya ce a yanka gutsi-gutsi a tsoma a ƙullu a soya sannan a juye ta cikin wata jar miya mai danƙo. Na zaci irin abincin da suke ci a can ƙasarsu ne, ashe wani kuku ne ɗan lardin Hunan ya ƙirƙiro ta a Taiwan, aka kawo ta Niyok a shekarun 1970 aka ƙara mata sukari don bakin Amurkawa. Shi Janar ɗin da gaske an yi shi, ya mutu tun 1885, bai taɓa ɗanɗana ta ba, kuma da na bi tarihinsa sai na tarar shi ne ya jagoranci yaƙin murƙushe Musulmin arewa maso yammacin Chana. Tun daga nan in na ga sunan sai in ji wani iri. Su masu shagon in lokacin cin abincinsu ya yi ka leƙa ka gani, farar shinkafa ce da kifi da ganye a ɗan kwano, ba ruwansu da abin da suke sayar mana.

Yanzu ga babbar maganar, alade. Nan fa sai ka buɗe ido. Wani abu da ake naɗewa a soya kamar sifirin rol ɗinmu na biki amma ya fi shi kauri, suna ce masa eg rol, sau da yawa akwai alade a ciki kuma ba za a rubuta ba, kyauta ma ake jefa maka shi cikin leda. Miyar wantan, alade. Shinkafar da ake haɗawa da abincin rangwame, in ba ka yi magana ba, a wurare da yawa mai alade ce, za ka ga 'yan ƙananan jajayen nama a ciki. Sau ɗaya ta faru da ni, na kai cokali biyu kafin maman yara ta ce tsaya, mene ne wannan ja-ja ɗin, ranar har aswaki sai da na yi sau uku. Ban da wannan akwai giyar shinkafa da suke ɗan zubawa a girki, ga kasko ɗaya ne, man suya ɗaya ne. Ita kazar kanta ba yankan Musulmi ba ce, 'yan'uwa a nan sun rabu, wasu sun riƙe fatawar yankan Ahlul Kitabi suna ci, wasu ko kusa. Ni dai na tsaya a kifi da jatan lande da taliyar lomen mai kayan lambu, kuma kullum sai na maimaita ba alade ba giya, har matar ta haddace ni, ina shiga take faɗa kafin in buɗe baki tana dariya.

Akwai abu ɗaya da sai a yankin nan na Washinton, fukafukan kaza soyayyu da wata miya ruwan lemo-lemo da suke kira mambo sos, zaƙi da ɗan tsami, baƙaƙen Amurka na nan ba sa wasa da ita, har kan dankali da shinkafa suke malalawa. Ni a kan soyayyen kifi nake sa ta. Yaran nan kuwa sun fi ni son ta nesa.

A ƙarshe sai a ba ka wani ɗan biskit a naɗe, ka fasa ka ga 'yar takarda wai ga abin da zai same ka, a baya kuma lambobi na masu caca. Shi ma ba daga Chana ya fito ba, asalinsa na mutanen Japan ne a Kalifoniya. Na hana yara karantawa na ce duba ne, babban ya ce Baba ai inji ne ya buga, na ce ko injin ne.

Sai maganar kuɗi, wadda har yau ba ta zauna min ba. Kuɗin da ka gani a rubuce ba shi za ka biya ba. Da farko haraji, a Meriland kashi 6 cikin 100 ne. Sannan in wurin zama ne aka kawo maka abinci kan tebur, sai ka ɗora tukwici, kashi 15 zuwa 20, yanzu ma 20 ɗin ake sa rai. Ka tuna mai ƙosan ƙofar gidanmu, ka sayi na ɗari ka tsaya ka ce gyara fa, ta ƙara maka biyu? To nan kai ne kake yi wa mai sayarwa gyara. Na yi ta jin haushi har sai da na gane dalili, dokar tarayya ta yarda a biya masu kai abinci tebur dala 2 da senti 13 kacal a awa, tun 1991 ba a taɓa ta ba, a Meriland dala 3 da senti 63, da tukwicin ake cike musu albashi. Kuma da na yi aikin kai abinci na hau bene hawa uku cikin ƙanƙara aka karɓa aka rufe ƙofa ba ko sisi, na san yadda abin yake ci. Yanzu ina bayarwa. Wanda ban yarda da shi ba shi ne na zo da ƙafata na ɗauki ledata, a juyo min da allon na'ura wai in zaɓi kashi nawa, yarinya ta tsare ni da ido.

Ban da 'yan Chana akwai wasu. Mutanen Feru suna gasa kaza a kan gawayi tana juyawa, ƙamshin in ya bugo ka a filin mota sai ka ce gidan balangu ka nufa, kuma abin mamaki da soyayyen rogo suke haɗawa, rogo dai namu, da wani koren yaji wanda shi kam yana magana. 'Yan Afganistan suna da tsire da shinkafa da gurasa mai zafi, yawancinsu halal ne da takarda a manne a ƙofa, nan muka fi zuwa hankali kwance. A Silba Sifirin, wani gari nan kusa da mu, Habashawa ne suka cika gari, abincinsu kamar ƙaton sinasir mai tsami ake shimfiɗawa a tire a zuba miya kala-kala a kai, kowa ya sa hannu, ranar na ji kamar ina gida. Ran Juma'a in mun yi salla a babban masallacin Turkawa na nan Lanham, wanda aka buɗe a 2016, ba ma rasa abin taɓawa a wajen. In kuma ana son abincin ƙasar Chana na halal sai mu tsallaka jihar Bajiniya wajen Feyafaks, can 'yan Uigur suke da yawa, Musulmi ne, taliya da hannu suke jan ta a gabanka, ga tsiren rago da kayan ƙamshi. Wannan kam ya ci kuɗinsa, sai dai tafiyar kusan awa guda ce in titi ya cushe.

Akwai kuma na ci-ka-ƙoshi, ka biya kuɗi ɗaya ka ɗebi iya cikinka. Mun yi wauta mun je buɗa baki wani azumi mu biyar, tun la'asar ake cika baki za a karya su, ana shan ruwa kowa ya ci faranti ɗaya da rabi ya jingina. Wani Bature kusa da mu shi kaɗai ya tara ɓawon ƙafar kaguwa kamar tsibin gyaɗa.

Tsafta dai ba a magana, dubagari na zuwa ba sanarwa kuma suna rufe wuri. Ruwa kyauta ne, amma cike da ƙanƙara ko da sanyi na tsaga ƙashi, sai ka roƙa a cire. Lemo in ya ƙare a ƙara maka ba ƙarin kuɗi. Yara a kawo musu kujerarsu da takardar zane. Ma'aikaciya kuma kowane minti biyar ta dawo wai komai lafiya, loma na bakinka. Banɗaki tsaf tsaf amma ba buta, kofin roba nake ɓoyewa a aljihun jaket. Ba a kawo ruwan wanke hannu.

Abin da ya fi damuna ba a faranti yake ba. Abokin aiki zai ce zo mu je cin abinci, ku ci ku sha a yi hira, takarda ta zo ya ce a raba, kowa ya biya nasa. Farkon zuwana na ɗauka wulaƙanci ne, ashe haka suke yi ko da wa da ƙani. Mutum zai zauna kusa da kai ya buɗe abincinsa ya cinye ba ko bismilla. In ka rage a ba ka mazubi ka tafi da shi gida, ba almajirin da za ka miƙa wa, firjinmu cike yake da 'yan fararen kwalaye har sai maman yara ta yi faɗa ta zubar. Ranar da na fara ganin yawan abincin da ake juyewa a bola bayan shagunan nan na tuna Hajiya da take sa mu tsince ƙwayar shinkafa daga tabarma.

In mai zuwa ya samu cikin watan nan a haɗo min yajin ƙuli mai yawa, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Kilishi kar a sa, kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo, karnuka ne da su masu shinshina jaka. Yajin a ƙulle shi leda biyu, ɗaya na yi wa matar shagon nan alkawari, rannan ta ga ina barbaɗa ragowar nawa a kan taliyarta ta ɗanɗana, ta yi tari har da hawaye, sannan ta ce in kawo mata. A gaida Hajiya da kyau, a ce mata jikokinta suna cin tuwo ranar Lahadi.