Sharhi Kan Ɗan Littafin Ramana Maharshi Mai Tambayoyi 28

Littafin ƙarami ne, a zama ɗaya za ka gama shi. Sunansa da harshen Tamil "Nan Yar", wato "Wane ne ni?". Fassarar Turanci na karanta a waya, na kuma jima ina gwada abin da ke ciki kafin na rubuta wannan sharhi.

A 1902 wani ma'aikacin haraji, Sivaprakasam Pillai, ya je wurin wani matashi da ke zaune a kogon Virupaksha, a dutsen Arunachala da ke Tiruvannamalai, kudancin Indiya. Matashin shi ne Ramana Maharshi, malamin addinin Hindu, haifaffen 1879, wanda ya baro garin Madurai a 1896 yana ɗan shekara 16. A lokacin ya daina magana, don haka a rubuce ya riƙa ba da amsa. Sai a 1923 aka buga tambayoyin da amsoshinsu.

Hanya ɗaya tal yake koyarwa. A wurinsa zuciya ba komai ba ce illa tarin tunani, kuma uwar dukkan tunani ita ce "ni". Idan wani tunani ya taso, kada ka bi shi, kada kuma ka yi kokawa da shi. Ka tambayi kanka, wa wannan tunanin ya zo wa? Amsa, ni. To, wane ne ni ɗin? Ba amsar baki ake nema ba, so ake hankali ya juya ya koma inda ya fito. Ya kwatanta tambayar da sandar da ake tona wutar ƙona gawa a al'adarsu: tana taya ƙone komai, daga ƙarshe ita ma ta ƙone.

A kan fushi na fi ganin amfaninsa. Wani ya yaɓa maka magana a WhatsApp, ranka ya ɓaci, yatsa har ya fara rubuta martani. Idan ka tsaya ka tambayi wa aka ɓata wa rai, sai ka ga abin da ke tafasa yawanci son girma ne, wai kamar ni za a faɗa wa haka. Fushin ba ya gushewa nan take, amma yana rasa abin kamawa. Ramana bai yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Ya ce tsofaffin halaye za su yi ta tasowa ba iyaka, kai kuma ka yi ta tambaya har su ƙare. Wannan gaskiyar ta burge ni, a zamanin da ake tallar "sauya rayuwarka cikin mako guda".

Ya taɓa batun sarrafa numfashi da cin abinci mai sauƙi daidai misali, amma ya ce mataimaka ne kawai.

Inda muka raba gari da shi a fili yake. Koyarwar ta tsiro ne daga mazhabar Advaita ta addinin Hindu, wadda ke cewa ainihin kai da Ubangiji abu ɗaya ne, duniya kuwa kamar mafarki. Ni Musulmi ne, bawa bawa ne, Mahalicci Mahalicci ne. Wanda ya saba da karatun muhasaba da yaƙin son zuciya zai ji wasu wurare kamar ya san su, amma kada kamannin ya ruɗe shi, tushen daban ne.

Matsala ta biyu ta fassarar da na samu ce. Akwai kalmomin Sanskirit, tsohon harshen Indiya, da ba a warware su sosai ba, kuma tambayoyin farko, masu lissafa gaɓoɓi da nau'o'in iskar da ke cikin jiki, suna da gundura. Ka daure ka wuce su, naman yana tsakiya.

Ya dace da ɗalibin nazarin addinai, da wanda ya riga ya san aƙidarsa yake son jin yadda wasu ke tarbiyyar zuciya. Ƙanena da bai gama Ahalari ba kam, ba zan miƙa masa ba tukuna.